Mutumin da Ya Mayar da Rabi Ɗaya

An yi wani mutum a Birnin Kudu, masanin rubuta manhajar waya. Wata ƙungiyar masu kiwo ta Gwaram ta ba shi aikin manhajar da za a shigar mata da nauyin akuya, ta faɗi adadin maganin tsutsar da za a yi mata allura da shi.

Ya 'yan uwa, masu wannan sana'a suna rubuta gwaji kafin su miƙa aiki. Na'ura ta kwatanta amsar manhaja da amsar gaskiya. In sun dace ta nuna kore, in sun saɓa ta nuna ja.

Amsar gaskiya ga ɗan akuya rabin mililita ce. Manhajarsa kuwa cikakkiyar lamba kawai ta sani, sai ta ce ɗaya. Gwaji ya nuna ja.

Me ya kamata ya yi? Kamata ya yi ya gyara manhaja. Amma gobe ne ranar miƙa aiki, sai ya gyara gwajin. Ya sa na'ura ta cike kowane rabi ya zama ɗaya kafin ta kwatanta. Nan take ta nuna kore.

Abokiyar aikinsa Hadijatu ta gani. Ta ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, rabi fa ba ɗaya ba ne." Ya ce ita ba ta san aiki ba. Washegari ya rantse wa shugabannin ƙungiya cewa komai ya ci gwaji.

Ran Laraba aka yi allura a ƙauyen Kwandiko bisa lissafin manhajar. Kafin la'asar 'ya'yan awaki sun fara karkarwa, suna kumfar baki. Sama da ɗari biyu suka mutu. Wata dattijuwa, Inna A'i, ta zauna a tsakiyar mushen nata guda tara, duk abin da ta mallaka ke nan, ta kasa ko kuka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka bincika, ashe na'ura tana ajiye kowane canji da sunan mai yin sa. Har abin da ya rubuta a gefe aka karanto masa a gaban jama'a: "Don dai ya wuce."

Aka karɓe aikin. Ba wanda ya sake ba shi wani. Mahaifinsa ya daina zama a sahun gaba a masallaci. Shi kuwa ya bar garin, har yau bai dawo ba.

Jama'a, wa ya yaudara? Ja ɗin nan gargaɗi ne, ya toshe masa baki da hannunsa. Duk wanda aka ba amanar awo, ya gyara aikinsa, kada ya taɓa ma'auni.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci a abin da ba mai gani sai Shi. Amin.