Manomin da Ya Hango Sabuwar Duniya ta Cikin Bututu

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke gindin tudu, gonarsa kuwa tana can bisa tudun, gadon mahaifinsa ce. Gonar ba ta da laifi, dawa tana yi, wake yana yi. Amma in ka ji mutumin nan yana ba da labarinta, sai ka ce a kan fā aka yanka masa gado. Duwatsu sun yi yawa, in ji shi, ƙuduji ya yi yawa. Akwai ma wani dutse a bakin gonar da ya taɓa cire masa farcen babban yatsa, kullum ya zo wucewa sai ya tsaya ya harare shi. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne ƙanensa Filibus, wanda gonarsa ke jikin tasa. A kan kunya biyu tak ta bakin iyaka suka yi cacar baki, damina uku ke nan ko gaisuwa babu. A majami'a in wannan ya zauna gabas, wancan sai ya koma yamma, kuma dukansu biyu da ƙarfi suke rera waƙar ƙauna.

Ana nan, damina ta kankama, dawa ta fito, lokacin noman fari ya yi. Wata rana da hantsi mutumin yana zaune yana wasa fartanya, rediyo a gefensa, sai ya ji ana cewa masana suna neman waɗansu duniyoyi da ke kewaya waɗansu taurari, irin yadda tamu ke kewaya rana. Suna neman wadda ba ta cika zafi ba, ba ta cika sanyi ba, mai ruwa, wadda mai rai zai iya zama a cikinta. Aka kuma faɗi dabararsu. Sai su kafa wa tauraro ido da madubin hangen nesa, in haskensa ya ɗan dushe ya dawo, ya sāke dushewa ya dawo a kan ƙa'ida, to wata duniya ce ke giftawa ta gabansa.

Mutumin ya ajiye fartanya a hankali. Ya kira matarsa, Lai'atu, ya ce, "Kin ji? Ashe akwai wata. Shekara da shekaru ina fama da duwatsu, ashe akwai wata!"

Lai'atu ta ce, "Maigida, na ji. Amma wannan da muke ciki, ciyawa ta fara rufe dawar da ke kanta. Na leƙa rumbu jiya, ina ganin ƙasansa. In mako ya wuce ba a yi noman nan ba, bana ba mu da abin kaiwa baki."

Ya ce, "Ke kullum tunaninki a tukunya yake ƙarewa."

Ya tashi ya jawo wani tsohon bututun roba na ban ruwa da ke bayan ɗaki, tsawonsa kamu shida. Ya ciro gilashin tabaran marigayiya mahaifiyarsa, ya liƙa a baki ɗaya da ƙaro. Ya jingina tsani, ya hau soro, ya ɗaure bututun a jikin gwafa. Da almuru yake fara kallo har barci ya kwashe shi, da carar zakara ta farko ya farka ya ci gaba. Da rana kuwa sai minshari. Fartanyar nan da aka wasa ta yi kaifi, tana nan jingine, kaji suna hawa kanta.

Kwana uku bai ga komai ba sai ciwon wuya. Sau ɗaya dai wani tauraro ya dushe ɗif, ya yi ihu har ya kusa faɗowa, da ya girgiza bututun sai ga kyankyaso ya fito.

A rana ta huɗu, da asuba, duhu bai yaye ba, ya karkata bututun ƙasa-ƙasa ta gabas domin wuyansa ya huta. Sai ga wani tauraro fari fes, wanda bai taɓa gani ba. Ya kafa masa ido. Can sai hasken ya dushe, ya dawo. Ya jira, ya jira, har ya fara fid da rai, sai ya sāke dushewa, ya dawo. Ya girgiza bututun, babu kyankyaso. Ya lalubo tsakuwa a kan soron ya jefa a aljihu, duk dushewa ɗaya tsakuwa ɗaya. Kafin gari ya waye tauraron ya ɓace, yana da tsakuwa shida.

Wayyo, ku zo ku ga murna! Ranar ko barcin rana bai yi ba. Ya tafi gindin bishiyar da maza ke hutawa, ya tarar duk sun tafi gona, sai wani tsoho kurma. Shi ya zaunar ya yi wa bayani. Ya ce duniyar nan tasa ba dutse ko ɗaya a cikinta, ƙuduji bai san hanyarta ba, ruwa kuwa sai wanda ka ga dama. Ya ƙara da ƙarfi, yadda ko kurma zai ji, "Kuma babu Filibus!" Tsohon ya gyaɗa kai ya ce i, lallai goro ya yi tsada.

Asuba huɗu a jere yana kallon tauraronsa, tsakuwa ta kai ashirin da uku. Lai'atu ta daina yi masa maganar gona, shi kuwa ya ɗauka ta gane girman aikinsa ne. A daren nan da ta kawo masa tuwo, wanda ya lura ya ragu da rabi amma bai tambaya ba, ya ce mata abu ɗaya ne ke damunsa, bututun ba ya kawo masa duniyar kusa.

Ta dube shi, ta dubi gabas, ta ce, "To ai sai ka hau tudu, Maigida. Can ka fi kusa da sama."

Ya ce, "Kai! Yau kin yi magana irin ta masu ilimi."

Da carar zakara ya saɓa bututunsa, tsakuwoyinsa a aljihu, ya sa tauraron a gaba ya kama hanya. Yana tafe yana mamaki, domin tauraron sai ƙara girma yake yi. Ya ce a ransa, masanan nan da suka ce tafiyar dubban shekaru ce, lallai ba su taɓa gwada ta da ƙafa ba. Raɓa ta jiƙa masa wando, ya ce ga ruwa. Iska ta huro mai daɗi, ba zafi ba sanyi, ya ce ga shi kuwa daidai yadda rediyo ta faɗa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa, ya tsaya ya shaƙa, ya ce rabonsa da jin ƙasa mai albarka haka tun yana yaro. Ya ɗaga kai yana godiya, idonsa a sama, ya ɗaga ƙafa.

Ƙwas! Babban yatsansa ya daki dutse. Ya kife, bututu ya yi gefe guda. Yana riƙe da yatsan yana salallami irin nasa, sai ya ji ciwon nan ba baƙo ba ne. Ya shafa dutsen da hannu. Ya san shi sarai, har da tsagar da ke gefensa.

Ya ɗaga ido. Tauraron nan fari fes yana rataye a reshen ɗorawar mahaifinsa, fitila ce irin mai cajin rana. A ƙarƙashinta wani mutum ne a duƙe, yana noma. Ya kai ƙarshen kunya, ya dawo gindin ɗorawa, ya miƙe a gaban fitilar yana dafe da ƙugu, hasken ya dushe. Ya sunkuya ya kama wata kunyar, hasken ya dawo. Mai rai guda ɗaya tak da ke cikin sabuwar duniyar, Filibus ne.

Filibus ya juyo, ya ga mutum zaune a ƙasa da bututu. Suka dubi juna. Damina uku ba magana, ba wanda ya san ta inda zai fara.

Can Filibus ya ce, "Yaya, ina kwana."

Mutumin ya ce, da sauran girman kan da ya rage masa, "Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Ciyawarka ce ta fara tsallako mini iyaka." Ya kakkaɓe fartanyarsa. "Da rana ina tawa gonar, shi ya sa nake zuwa yanzu. Kuma ban so ka gan ni ba, kada ka ce gonar nake so in cinye. Matarka ce kaɗai ta sani, ita ma na roƙe ta ta yi shiru. Kunya ashirin da uku na yi kafin yau. Saura da yawa, Yaya, ni kaɗai ba zan cim mata ba."

Mutumin ya sa hannu a aljihu ya taɓa tsakuwoyin nan. Bai ƙirga ba, ya san adadinsu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ga kuma tausayin ƙanensa, wanda ya rame, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya so ya ta da maganar kunya biyun nan ta iyaka ya ce ya bar masa, sai hawaye suka riga shi.

Filibus ya ce, "Yatsan ne?"

Ya ce, "Yatsan ne." Ya share fuska da hannun riga. "Kana da wata fartanyar?"

"Akwai ɗaya a gindin ɗorawa. Tun ranar farko nake zuwa da biyu."

Suka duƙa tare. Kwana uku suka yi suka gama gonar, dawa ta sha da ƙyar, amma ta sha. Kunya biyun nan ta iyaka suka shuka gyaɗa a kanta, ba wanda ya sāke tambayar ta wa ce. Bututun kuwa Lai'atu ta sa aka yanka shi biyu, aka yi indararo da shi, har yau yana zubar da ruwan soro.

To, jama'a, ga fassarar misalin, kada wani ya fita ya ce labarin dariya kawai aka ba mu yau.

Ba masana nake zagi ba. Su kallon sama shi ne aikin da aka ba su, suna kuwa yinsa da haƙuri, in sun gano wani abu sai mu ƙara yabon wanda ya yi taurarin. Laifin manomin nan shi ne ya bar aikin da aka danƙa masa ya hau soro.

Gonar ita ce inda Allah ya ajiye ka: gidanka, aurenka, sana'arka, ikilisiyar nan tamu mai rufin da ke yoyo. Ciyawa ita ce abin da ke tsiro in ka juya baya, ba ta kuwa jiran ka gama mafarki. Bututun shi ne "da a ce". Da a ce wani gari nake, da a ce wata na aura, da a ce wata majami'a nake zuwa inda ba su wane. Ta cikin bututu abu ɗaya kake gani, ƙarami, mai haske, ba ka ganin dutse ko ɗaya. Ina gaya muku, duk inda kuka je da ƙafa za ku tarar da dutse, kuma za ku tarar da Filibus.

Hasken da ke dushewa yana dawowa kuwa alherin Allah ne, wanda yake aiki a gonarka tun kana minshari, ba don ka cancanta ba. Sau da yawa ta hannun mutumin da ka cire daga addu'arka yake aiko shi. Mu kuwa sai mu zauna muna tara tsakuwa, muna cewa lallai albarka tana can nesa, alhali bayan wani ne ke ciwo dominmu. Haka Ubangijinmu ya yi mana, ya sunkuya ya ɗauki aikin da ba nasa ba tun muna gāba da shi, ya kuma zo da fartanya ta biyu, domin yana sa rai za mu zo.

Na ga waɗansu sun daina dariya, suna kallon takalmansu. Ban kama sunan kowa ba. Amma akwai wanda ke zaune gabas yau saboda wani yana zaune yamma, kuma dukanku na ji muryarku a waƙar ɗazu. In an tashi sujada, kada ka bi ta ƙofar baya. Tsallaka ka ce masa ina kwana.