Shirun Karfasa

Dalilin da ya sa karfasa take ɗaukar 'ya'yanta a baki, har ta ƙi cin ƙugiya da zarar sanyi ya wuce zafi ya fara, shi zan gaya muku yau, tunda kun wuni a bakin tafki kun dawo da gwangwani babu komai sai ruwa, kuna ta zagin tana. Ba laifin tana ba ne, ba kuma na fatsarku ba. Ku zauna ku ji.

A da can, kifaye suna magana da mutane. Akwai wani tafki da ake kira Tafkin Kanya, saboda wata ƙatuwar kanya da ke bakinsa, mutanen ƙauyen wurin kuwa duk masunta ne. Sarkin Ruwansu a lokacin wani dattijo ne mai suna Tunau, dogo siriri, mutum ne da magana ke yi wa nauyi. In ka gaishe shi ya ce "lafiya", to ya gama hirar ranar ke nan.

Tsakanin mutanen da kifayen akwai alkawari. In sanyi ya sauka, kifaye kan nutse ƙasa su kwanta, ba mai taɓa su. Da ruwa ya fara ɗumi sai su taso su nufi bakin gaɓa, inda rana ke kaiwa har ƙasa, kowacce ta share gurbi a yashi ta zuba ƙwai. Ba a shiga su, wato kamun kifi na gayya, sai 'ya'yan sun yi ƙwari sun iya gudu. Mutane ba su da hanyar sanin lokacin sai an gaya musu. Saboda haka kowace safiya Tunau kan hau wani dutse da ke bakin ruwa ya tambaya, "Kun gama?" Wadda kifaye suka wakilta ta riƙa amsa masa ita ce Karfasa.

Ba don hankalinta aka zaɓe ta ba, don bakinta ne. Karfasa ba ta iya shiru. Ta san gurbin kowa, ta san wadda ta zuba ƙwai da wadda ba ta zuba ba, ta san wanda ya yi faɗa da matarsa a ƙarƙashin bado. Tana da faɗi kamar faifai, ga kirki, ga son mutane, amma in ta tare ka da hira sai ka manta inda za ka.

Tunau ya sha wuya a hannunta. Yana cewa "Kun gama?" sai ta ɗago kai ta fara: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙafar nan taka? Ai jiya na hango matarka tana wanki, na ce wannan zanen sabo ne..." Sai hantsi ya yi, rana ta dake shi a ƙeya, bai ji ko an gama ko ba a gama ba.

Ran nan ya gaji. Ya ce, "Karfasa, mu sake shiri. In da saura, ki yi magana, ki faɗi duk abin da kike so, na san ba a gama ba, in tafi. In kun gama, ki yi shiru. Shirun ya ishe ni."

Ta ce, "Shiru, ranka ya daɗe? Ni?"

Ya ce, "Ke. Sau ɗaya a shekara."

Ta yi dariya ta yarda, sauran kifaye ma suka yarda. Aka daɗe ana haka lafiya. Ranar da aka gama, sai Karfasa ta nutse ta cusa bakinta cikin laka don kada magana ta kuɓuce mata, Tunau ya ji shiru ya juya, a buga ganga, a shiga su.

Sai wata shekara sanyi ya daɗe bai tafi ba. Hatsi ya yi ƙasa a rumbuna, miya ba ta da komai sai gishiri da kuka, mutane suka zuba wa tafki ido. Da zafin ya tashi zuwa, sai ya zo gaba ɗaya, ruwan gaɓa ya fara ja da baya kullum. Masunta suka gama ɗinke homa, ragarsu ta kamun kifi, suka shafe gorunan da suke hawa a ruwa, kowa ya jingine nasa a ƙofar gida. Duk safiya in Tunau ya dawo daga dutse sai su dube shi, ya girgiza kai, su koma su zauna.

Karfasa kuwa, garin zagayen gurbin mutane da tambayar wa ya gama wa bai gama ba, ta bar nata aikin a baya. Ita ce ta ƙarshen zuba ƙwai, kamar kullum. Don kada ta yi nisa da wurin aikinta, sai ta share gurbinta a gindin dutsen Tunau. Da ruwa ya ja, wurin ya zama ɗan kududdufi, babu abin da ya haɗa shi da tafki sai wata siririyar hanya. A nan 'ya'yanta suka ƙyanƙyashe, ƙanana kamar tsabar gero, ba ka ganin komai a jikinsu sai idanu. Tana son su ƙwarai. Har sunaye ta fara raɗa musu, sai dai sun yi mata yawa.

Wata yamma Tarwaɗa ta zo har bakin hanyar. Ita ce babba a cikin matan kifaye, baƙa mai gashin baki, ba ta wasa.

Ta ce, "Karfasa, 'ya'yana ba su yi ƙwari ba. Na Kurungu ma haka, da na wasu da yawa. Gobe in mutumin nan ya zo ki gaya masa da saura. Na ga mutanensa sun matsu, kada ki yi sake."

Karfasa ta ce, "Haba Yaya, ni za a koya wa magana? Ai sai ya toshe kunne."

Da gari ya waye, kafin Tunau ya zo, Zalɓe ya riga shi. Ya sauka a daidai bakin hanyar, ya tsaya da dogayen ƙafafunsa, ya leƙa kududdufin. Kafin Karfasa ta ankara ya kai sara, ya haɗiye wasu daga 'ya'yan. Ya sake kai wani. Ita kanta ba ya iya haɗiye ta, ta fi ƙarfin maƙogwaronsa, amma 'ya'yan ba su da wurin ɓuya. Bayansu dutse, gabansu Zalɓe. Karfasa ta ruɗe, ta kewaya nan ta kewaya can. Ba ta da hannu, ba ta da zanen goyo. Sai ta buɗe baki ta zuƙe su gaba ɗaya, ta rufe.

Zalɓe ya karkata kai ya dube ta. Ya ce, "Dabara ce, ba laifi. Amma ke ce fa Karfasa. Ba na sauri, zan jira ki yi magana."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya cik. Tana jin 'ya'yan suna motsi a kan harshenta, suna cakulkular dasashinta. Ko numfashi a hankali take yi.

Can sai ga Tunau ya hau dutse. Ya ga Zalɓe, amma bai kula ba, don zalɓe a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Kun gama?"

Karfasa ta ji shi sarai. Maganar tana nan a maƙogwaronta, kalma biyu kawai, "da saura". Amma ba za ta iya faɗinsu ba sai ta ɗago kai ta buɗe baki, kuma da ta buɗe, 'ya'yan za su watse a gaban Zalɓe. In kuwa ta yi shiru, za a buga ganga, ƙauye guda ya faɗo ruwa a kan 'ya'yan Tarwaɗa da na Kurungu da na duk waɗanda suka amince mata. Ta tuna fuskar Tarwaɗa jiya. Ta ji motsin da ke bakinta. Ta kaɗa wutsiya da ƙarfi ko Tunau ya gane, ruwan ya yi laka kawai, bai ga komai ba.

Tunau ya sake tambaya. Har ya ɗan sunkuya ya ce, "Karfasa, kina ji na? Kun gama?"

Zalɓe ya sauke ƙafarsa, ya miƙo wuya.

Karfasa ta datse bakinta. Ta san abin da take yi, ta kuma san ba daidai ta yi wa 'yan uwanta ba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, amma ba ta buɗe ba.

Sai Tunau ya juya ya ɗaga hannu. Ganga ta tashi. Mutanen da suka daɗe suna jira suka kwararo da gudu, kowa da gora da homa, maza na ihu, mata na guɗa a gaɓa. Hayaniyar ta kori Zalɓe, ya tashi sama. Sai dai tashin nasa bai yi amfani ba. Ko da Karfasa ta yi kururuwa a lokacin, ba mai jin ta cikin gangar nan, ga ƙafafu ta ko'ina suna kirɓa laka. Ta bi siririyar hanyar da bakinta a rufe, tana neman zurfi. Ba ta yi nisa ba homa ta rufe ta.

Homar Tunau ce. Ya ɗago ta sama, ya gane ta. Ya ce, "A'a, Karfasa? Ke da kan nutse cikin laka, me ya fito da ke? Yau ko gaisuwa babu?"

Ta dube shi, bakinta a datse. Sai ya lura kumatunta sun kumbura. Ya sa babban yatsa a hankali ya ɗan buɗa leɓenta. Idanu ne cike da bakin, ƙanana, duk suna kallonsa.

Dattijon ya janye yatsansa. Ya tuna Zalɓen da ya gani tsaye, ya gane wane irin shiru ya ji da safe. Ya ɗaga murya, shi da ba ya ɗaga ta, yana cewa, "Ku fita! Ba a gama ba! Ku fita!" Amma su in an buɗe shi, ba ya rufuwa da muryar mutum ɗaya, balle ga masu jin yunwa. Na kusa da shi suka tsaya, na nesa suka ci gaba. Kafin maganar ta kewaye tafkin, an tattake guraben gaɓa kaf.

Tunau ya kai Karfasa cikin ciyawa inda ƙafa ba ta kai ba, ya sauke ta da hannu biyu. Ya ce, "Ni na kawo wannan shiri don in huta da surutunki. Ki yafe mini." Ta kaɗa wutsiya ta shige.

Da ruwa ya kwanta, Tarwaɗa ta fito daga lakar da ta ɓuya. Ba ta sami ko ɗaya daga 'ya'yanta ba. Ta nemi Karfasa ta same ta a cikin ciyawa, sauran kifaye na biye da ita.

Ta ce, "Kalma biyu na roƙe ki. Ke da kike cika mana kunne safe da yamma, kalma biyu suka gagare ki. Ina 'ya'yana, Karfasa?"

Karfasa tana da bayani, amma bakinta a cike yake, ba ta kuma yarda ta buɗe shi a gaban masu fushi ba. Ta sunkuyar da kai kawai.

Tarwaɗa ta ce, "To tunda shiru kika zaɓa, shi za mu yi duka. Daga yau babu kifin da zai ƙara magana da ɗan Adam."

Haka kuwa aka yi. Karfasa ta riƙe 'ya'yanta, ba ci ba magana, har ta rame. In wuri ya yi tsit ta sake su su yi wasa, da ta ga inuwa ta zuƙe su. Lokacin da suka yi ƙwari bakinta ya zama nata, ba wanda ke son jin bayaninta, ita ma ta ga babu abin da zai dawo wa Tarwaɗa da nata. Sai ta bar maganar.

Da shekara ta kewayo, sanyi ya wuce, Tunau ya hau dutse ya ce, "Kun gama?" Shiru. Ya dawo washegari, shiru. Yanzu kuma bai san me shirun yake nufi ba, ga mutane a bayansa da goruna suna jira. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa shi kaɗai, ya jefa homa a gindin dutsen. Karfasa ta gan shi sarai, tana iya gudu, ba ta gudu ba. Ya ɗago ta ya leƙa bakinta, ya ga idanu. Ya mayar da ita ruwa, ya juya ya girgiza wa mutanensa kai, suka koma gida. Kullum haka ya riƙa yi, har safiyar da ya leƙa ya ga bakin babu kowa. Tunda ita ce kullum ta ƙarshen zuba ƙwai, ya san kowa ya gama. Ranar aka buga ganga.

Shi ya sa har yau kifi ba ya magana, zalɓe kuma yana nan tsaye a bakin ruwa da ƙafa ɗaya yana jiran Karfasa ta buɗe baki. Shi ya sa kuma in zafi ya fara, za ku kai mata tana har gaban hanci ta kewaye ta wuce. Ba ƙoshi ta yi ba, yunwa take ji fiye da ku. Gobe in Allah ya ba ɗayanku sa'a ya kama ta, kada ya yi saurin jefa ta a gwangwani. Ya sa yatsa a hankali ya leƙa bakinta tukuna. In ya ga idanu suna kallonsa, to ta ce masa da saura.