Kujerar da Malam Ya Ba da Aro

Magabata sun haɗu a kan cewa karamomin bayin Allah salihai gaskiya ne, kuma ba ya musun su sai wanda aka rufe wa basira. Abin da ba su yi bayani a kai ba shi ne ko kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya tana shiga wannan babi.

Shi dai Malam, Allah ya jiƙansa da rahama ya haskaka makwancinsa, kogi ne na ilimi, masanin fiƙihu da nahawu da tafsiri, mai tsantseni, mai gudun duniya, wanda ɗalibai masu furfura ke durƙusawa gabansa da littattafansu bayan la'asar. Duk da haka bai ga ƙasƙanci ba a ce kowace safiya ya shiga firamaren unguwa ya koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida addini da Larabci. Ba ya ɗaga murya, ba a kuma taɓa ganin bulala a hannunsa ba, abin da wasu iyaye suka ɗauka waliyyantaka ce, wasu kuma suka ɗauka sakaci ne. Gwiwa ta daɗe da cin amanarsa, har nafila a zaune yake yi, shi ya sa makaranta ta ware masa kujera guda da ake kai masa daga aji zuwa aji. Ba ya rubutu a allo sai da larura. Karantawa yake yi, yara su maimaita.

A wannan makaranta akwai doka da hedimasta ke alfahari da ita: a farkon kowane zango ana jera yara bisa sakamakon jarrabawa, masu ƙoƙari a bencin gaba, na tsakiya a tsakiya, waɗanda suka zo ƙarshe kuwa can jikin bango, inda tsintsiya da bokiti suke. Ya ce hakan ke sa yaro ya yi zuciya.

A cikin masu jingina da wannan bango akwai wata yarinya 'yar aji biyar, autar wata mai ɗinki. A aji ɗaya a gaba take zama, saboda ƙanƙantarta, kuma ba a taɓa kuka da ita ba. Da aka fara jera su bisa ƙoƙari sai ta ɗan ja baya, zango na gaba ta ƙara ja, har ta kai inda babu sauran wurin ja, 'yan ajinsu suka raɗa mata Mai Tsaron Bango. Uwar ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta hana ta wasa, har ta taɓa zane ta ranar da malamin aji ya aiko cewa kullum wuyanta na cikin littafin maƙwabciyarta. Abin da ya fi ɗaure wa uwar kai shi ne, a darasin Malam yarinyar ce ke zuwa ta ɗaya.

Uban direba ne, mutum mai yanke magana a tsaye. Da sakamakon zangon farko ya zo, ya juya shi ya ajiye a kan keken ɗinki.

"Kin dai gani da idonki. Idan shekarar nan ta ƙare tana jikin bango, ta dawo ta zauna kusa da ke ta koyi keke. Ba kowane kai aka yi don boko ba."

"Haba Baban Auta, yarinya ce fa."

"Ni ma ai yaro ne lokacin da na ga ba na ja, na kama sitiyari. Ga shi muna ci muna sha."

Uwar ta mayar da kai kan ɗinkinta. Ita ma a aji biyar aka cire ta, kuma ba ta raina keken da ya rufa mata asiri ba. Amma ta san yadda bayanta ke yi mata da yamma, ta kuma san yadda take ji idan an miƙo mata takardar asibiti ta tsaya neman mai karanta mata. Washegari ta yafa mayafi, ta kama hannun Auta, ta nufi makaranta lokacin tara, da niyyar Malam ya yi wa kan yarinyar addu'a ko Allah zai buɗe shi.

Ta same shi a baranda kan kujerar tasa, an cusa guntun kwali a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana komai, har da zanewar. Ya saurara bai katse ta ba, sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Jikata, je ki tsaya can bakin ƙofar ajinku." Da ta tsaya, sai ya ɗaga hannunsa na dama.

"Me ke hannuna?"

Auta ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta ce, "Carbi, Malam."

Amsa ce ta mai hankali, domin duk wanda ya san Malam ya san carbi ba ya barin hannunsa. Sai dai a wannan karon makullin gidansa ne, kuma uwar tana ganin sa sarai daga inda take durƙushe.

Malam ya ce, "Kanta lafiya lau. Nesa ce ba ta gani. A kai ta asibitin ido."

"Allah gafarta Malam, ai ita ke zura min zare a allura idan nawa idon ya gaza."

"Allura a hannunta take. Allo kuwa yana can."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, gajeruwa ƙwarai, har uwar ta ɗan ji a ranta cewa don wannan kaɗai ta rufe shago. Da ta kai wa maigidan maganar asibiti, ya ce in ya dawo daga wannan tafiyar. Kuma shi mutum ne da ke dawowa daga wata tafiya ya tarar da wata tana jiransa.

Malam kuwa ya taka har ofishin hedimasta ya roƙi a matso da yarinyar gaba. Hedimasta ya miƙe tsaye don girmamawa, sannan ya ƙi.

"Allah gafarta Malam, in na tayar da ɗan wani na zaunar da ita, gobe uwarsa za ta iso nan da ɗamara. Doka ce, ta hau kan kowa."

"Dokar ta benci ce?"

"Ta benci ce."

"To, alhamdu lillahi."

Da safe ya sa aka kai kujerarsa aji biyar, aka ajiye ta gefen allo, gaban bencin farko, ya ce wa malamin aji, "Kujerata ce, na ba ta aro." Babu wanda ya ga hanyar da zai hana malami irin wannan ba da aron kayansa.

Daga nan ne abin da mutane ke kira karama ya fara, kuma a hankali ya zo, ba kamar yadda ake ba da labarinsa ba. Ranar farko Auta ta dawo gida ta ce, "Umma, ashe akwai agogo a ajinmu. Ba ya ma aiki." Bayan 'yan makonni aka gane cewa dogon lissafin rabawa da ya gagare ta ba shi ne ya gagare ta ba, uku da takwas ne suka kasance mata abu ɗaya daga jikin bango. Ta ga taswirar da aka daɗe ana nuna musu da sanda, ta tarar koguna har lanƙwasa suke yi. Ta zana fure ta sa wa kowane sashe sunansa, ta zana zuciya da hanyoyin jini, ta koyi inda ake ajiye adireshi a wasiƙa, har aka ɗora ta a kan kula da waken da ajin ya shuka a gwangwanaye bakin taga. Uwar na taka keke tana sauraron wannan surutu, wani lokaci sai ta ga ɗinkin ya karkace.

Ɗakin ɗinki kuwa ba wurin ajiye sirri ba ne. Kafin zango ya ƙare, labari ya zaga unguwa ya dawo mata da ƙiba: wai Malam ya ɗaga hannu haske ya fita daga tafinsa, wai yarinyar ta zauna a kujerar sau ɗaya ta tashi da lissafi duka a kanta. Mai ɗinki ba ta ƙara ko kalma a kai ba, amma ba ta cika ragewa ba. Ta lura cewa idan aka ce karama ce, zuciyarta takan yi sanyi. Idan kuwa ta tuna makullin nan, sai ta tuna da ranar da ta zane yarinya a kan laifin leƙa littafin wata, alhali yarinyar allo take nema a inda idonta zai kai. Labarin hasken ya fi sauƙin ɗauka.

Iyaye suka fara sallama a barandar Malam, kowa na roƙon a bar nasa ya ɗan ɗosana ko na darasi guda. Ya ce musu, "Kujera ce, kafinta ya yi ta, bai ma daidaita ƙafar ba. Ku duba idon yaranku da kunnuwansu, ku kuma tabbata sun karya kafin su fito." Suka tashi suna jinjina kai, suna cewa haka bayin Allah suke, ba sa son a san matsayinsu.

Wata rana mai ɗinki ta kawo wa Auta abin tara da ta manta, ta bi ta bayan aji shida, sai ta hango Malam ta taga. Yana tsaye, kafaɗarsa jingine da bango, hannu ɗaya dafe da gwiwa, yana karanta wa yara hadisi da muryar nan tasa da ba ta sauyawa, gumi na bin gemunsa. Sai a lokacin ta yi lissafin da bai taɓa zo mata ba, ita da ke auna mutane da ido: kujerar guda ɗaya ce. Ta jira ya fito, ta durƙusa ta ce:

"Allah gafarta Malam, akwai kujera a gidanmu, mai kyau, har da matashi. Bari in sa a kawo."

"A'a, 'yata. Ranar da na sami wata, waccan ta zama wurin zaman ɗaliba, doka ta hau kanta. Muddin ina tsaye, tawa ce."

A tsaye ya ƙarasa shekarar.

Masu ba da labari sukan ce Auta ta zo ta ɗaya. Ba ta zo ba. Ta dai shiga cikin na gaba-gaba, wanda ya isa ya ba ta benci na biyu bisa doka. Uban ya daɗe yana kallon sakamakon, ya yi gyaran murya, ya ce dama ƙwaƙwalwa a danginsu take, kuma a makon nan da kansa ya kai ta asibitin ido. Maganar keke ba ta sake tasowa ba. Hedimasta ya kira sunanta a taron ƙarshen shekara a matsayin hujjar cewa tsarinsa na sa yaro ya yi zuciya. Ranar da aka koma hutu, Auta ta ɗauko kujerar a ka, sanye da tabarau, ta kai baranda ta gyara kwalin da kanta. Malam ya zauna, ya lumshe ido, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Har yau idan aka tambayi mai ɗinki ko da gaske ne Malam ya yi karama, takan ce da gaske ne, da idonta ta gani. Ba ta dai faɗin ta wace taga. Allah ya ƙara masa yarda, ya ɗaukaka darajarsa cikin salihai, ya hutar da gwiwoyin nan a kan gadajen Aljanna, ya amfane mu da albarkarsa, ya ba 'ya'yanmu malamai masu duba har jikin bango. Amin.

Kujerar kuwa, bayan rasuwarsa hedimasta ya ce ba ta dace da hannun yara ba, ya sa aka kai ta ofishinsa, kuma a kanta yake zama shekara da shekaru. Har yanzu dai ba a ga wani canji ba.