Mai Sunan Malam a Kundin Masu Ba da Jini

Ƙawata, gyara zama, na zo miki da wata shari'a da ta fi ƙarfina.

A wani ƙaramin asibiti, ba sai na kira sunan garin ba, jini ya ɓalle wa wata mai jego, Hassu, da hantsi. Irin jininta kuwa mai wuyar samu ne, ko a danginta babu mai shi. Likita ya ce in ba a samu leda ɗaya kafin la'asar ba, sai dai addu'a. Yayarta Barira, ungozoma a asibitin, ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Addu'ar za mu yi, amma a tsaye."

Sunayen masu ba da jini na shekara goma suna cikin wata tsohuwar kwamfuta, jere a teburori, wato jadawalin bayanai layi-layi, kamar dammunan gero a rumbu, amma manhajar da ake duba su da ita ta mutu tun bara. An kawo sabon kundin nema a wayoyin ma'aikata, wanda in ka rubuta irin jini zai fito maka da mai shi. Sai dai ba a riga an haɗa shi da rumbun ba, fayau yake. Barira ta tattago abokan aikinta biyu, Sallau da Tasallah.

Sallau, mai kula da na'urorin asibitin, shi ya nemi ƙofa. Ya ba kundin adireshin rumbun da kalmar sirri, rumbun ya ƙi buɗewa. Sau shida. Can ya gano tsohuwar kwamfutar ba ta karɓar baƙo sai wanda ta sani. Ya yi wa kundin rajista a cikinta da izinin karatu kaɗai, kada garin gaggawa a goge aikin shekaru. Ƙofa ta buɗe.

Tasallah, wadda ta karanci ilimin kwamfuta, ita ta shiga jera kaya. Teburin sunaye daban, na irin jini daban, lambar mutum ce kawai ta ɗaure su. Ta nuna wa kundin layin da zai ɗauko suna, da wanda zai ɗauko jini, da na waya, tana gwadawa tana sake dubawa, don in ta sa jinin wani a sunan wani, kisa ne. Ana kiran azahar ta gama. Aka nemi irin jinin Hassu, mutum ɗaya tal ya fito. Lambar wayarsa ba ta shiga, a gurbin suna kuma an rubuta "Mai Sunan Malam".

Sallau ya dafe kai. "Wane malamin? Garin nan ko tsakuwa ka jefa a kan malam za ta faɗa!"

Barira ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta san Inna Kulu, tsohuwar magatakardar da ta cika teburorin. Mijinta marigayi sunansa Hamisu, ita kuwa saboda kunya ba ta taɓa kama sunan ba, da baki ko da hannu, Malam kawai take ce masa. Kuma tana da wani teburi na gefe da take zuba sana'a da kwatancen gida, wanda Tasallah ta tsallake, ta zaci shara ne. "Haɗa shi, 'yar nan," in ji Barira. Aka haɗa. Sai ga shi: mai facin taya, bayan injin niƙa. Barira ta haye acaɓa ta je ta kamo Hamisu, takwaran marigayin, hannunsa duk baƙin mai. Kafin la'asar jini na shiga jikin Hassu. Allah cikin ikonsa, ta tashi ta shayar da ɗiyarta.

Yanzu likita ya ce kundin ba ya karɓar mai riƙon mabuɗi sai mutum ɗaya, wanda rayukan masu jego na gaba za su rataya a wuyansa.

Amana na ba ki, ƙawata, kada maganar nan ta wuce ɗakin nan. In Inna Kulu ta ji kunyarta ta kusa cin rai, ba za ta ƙara barci ba. Amma tsakanina da ke: wanda ya buɗe ƙofar, wadda ta jera kayan, da wadda ta san mutanen ciki, wa za ki damƙa wa mabuɗin?