Tasalla da Ƙwaryar Gizo

Ga ta nan tafe, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta.

Wata mata ce ana ce mata Tasalla. Ko akuya ba ta ba wa mutum kiwo sai ta je ta ga gidansa. Sai mijinta Magaji ya rasu. Masu gaisuwa suka ce, "Yi haƙuri, ya koma hannun Allah."

Ta ce, "Wa ya san hannun? Ni ba na barin nawa inda ban gani ba."

Sai ta ɗaura gyale ta shiga daji tambaya. Ta iske Kifi a rafi, ta ce, "Ɗan'uwa, yaya Allah yake?"

Ya ce, "Iya, kamar ruwa ne marar gaɓa."

Ta ce, "Magaji bai iya iyo ba." Ta wuce.

Sai ga Shamuwa. Ta ce, "Kamar sama yake, ki yi ta tashi ba ki kai ƙarshe ba."

Tasalla ta ce, "Mutumin da ko rumbu ya hau sai jiri?" Ta wuce.

Sai ga Tururuwa da tsaba a baki. Ta ce, "Rumbu ne da ba ya ƙarewa."

Tasalla ta ce, "Kowa dai abin da ya sani yake faɗa mini."

Ashe Gizo na bayan geza yana ji. Ya fito da ƙwarya rufe da faifai, ya ce, "Uwata, huta da yawo. Ga Allahn da kike tambaya nan ciki dukansa. Ba ni gyalenki ki leƙa."

Ta zagaya ƙwaryar, ta auna ta da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa. Ta ce, "Dukansa?"

"Ko ɓurɓushi ban bari ba."

"Kai, Gizo, ka raina ni. Magaji sai ya sunkuya yake shiga zaure. Wanda ya shiga ƙwaryarka, ina zai ajiye mini shi?"

Gizo ya kwashi kayansa ya arce.

Sai ta zauna gindin tsamiya, abin da ta faɗa ya dawo mata. Ashe duk wanda idonta zai iya zagayewa ya yi wa Magaji kaɗan. Ta yi kuka har ta gaji, ta share fuska. Ta ce, "Ubangiji, ban san ka ba, na kuma gane ba zan gama saninka ba. Riƙe mini Magaji. Sai dai ba ya faɗa in abu na damunsa, sai an lura."

Sai ta yi 'yar dariya. "Ji ni, wai ni ke gaya maka."

Ta miƙe ta nufi gida.

To kun ji, yara. Allahn da ya shige kan mutum dukansa, ba zai iya riƙe mana namu ba.

Ƙurunƙus, nan na sauke ta.