Bunsurun da Ya Ƙi Harawa

An yi wani Bunsuru mai dogon gemu, sarkin zargi. Ko gaishe shi ka yi, sai ya waiga ya duba ko ka zare masa wani abu. Shi da Kurege mai zafin nama da Zabuwa uwar surutu suka noma gyaɗa tare a bayan gari, don su samu abin cin rani.

Da kaka ta yi, aka cire gyaɗa aka tsige ta. Ga buhu guda cike dam, ga harawa tuli guda tana ƙamshi, ga kuma gonar an bar ta a buɗe.

Zabuwa ta ce, "Rabon nan ba wuya. Kowa ya faɗi abin da cikinsa yake so. Ni a bar mini kalar gona, tsutsa da ƙwari sun ishe ni."

Kurege ya ce, "Ni gyaɗa. Kai kuma Baba Bunsuru, ga harawarka nan. Ka ɗora ta kan bishiya, ta kai ka har damina."

Wallahi yawun Bunsuru har zuba yake saboda harawar nan. Amma sai ya ga yadda idon Kurege ke kan buhu.

"Au! Wato ni ne wawanku? Me ya sa ba wanda ya nemi harawa a cikinku?"

"Don ba ma cin ta mana!" in ji Kurege.

"Ƙarya kake, ɗan nema! Da gyaɗa ba ta fi ba, da ba ka zaɓe ta ba. Ni ne babba, buhu nawa ne."

Zabuwa ta ce, "Haba Baba, ka taɓa ganin akuya ta yi rani da tsabar gyaɗa?"

"Rufe mini baki, mai sanƙo!"

Ya ja buhu ya tafi. Kurege ya yi baƙin ciki har da hawaye, don wahalar damina guda ce aka tafi da ita. Zabuwa ta ce, "Share hawayenka. Zo mu shiga gona. Ka tona gyaɗar da ta maƙale a ƙasa, ni in bi bayanka in tsince tsutsa." Kafin sati biyu Kurege ya cika rami biyu.

Harawa kuwa, ba mai ƙarfin ɗaga ta a cikinsu, sai ta zauna a ƙasa. Gara ta same ta.

Can gida, Bunsuru ya zura kai a buhu ya yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Ciki ya kumbura kamar tulu, ya yi kwana uku yana gudawa. Kafin wata ya ƙare buhu ya koma wayam, ga rani ko rabi bai yi ba.

Ya lallaɓo gona, haƙarƙari a waje. "'Ya'yana, na yafe muku. Ina harawata?"

Zabuwa ta ɗago kai daga wani tulin jar ƙasa, ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar.

"Ga ta nan, Baba. Gara ta cinye ta tas, ni kuma na cinye garar. Allah ya saka maka da alheri."

Bunsuru ya sunkuya ya shinshina ƙasar. Ko ƙamshin bai samu ba.

Darasin wannan labari shi ne, rabon adalci ba shi ne ka ƙwace abin da wani yake so ba. Ku tambayi juna abin da kowa yake buƙata, kowa ya ɗauki wanda zai amfane shi. Wanda ya auna rabonsa da idon ɗan'uwansa, zai hana wani, shi ma ya kwana da yunwa.