Allurar Bature

Akwai wani mutum ɗan Gozaki, sunansa na yanka Abdussamad, amma tun yana goye ake kiransa Bature saboda hasken fatarsa. Kafin 'yan sa-ido su fara a ƙasa: ba ni ba ne. Ni na fi shi tsawo, na kuma fi shi kyau.

A shekarar 1988 yana aiki a wani ɗakin binciken cututtuka a Malumfashi. Aikinsa wanke kwalabe da kula da firijin kananzir. Amma duk Juma'a in zai je gida, sai ya zuba farar rigar aiki, ya soke biro uku a aljihu. A Gozaki "Dakta" ake ce masa, kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Wata rana aka kawo wasu 'yan kwalabe daga ƙasar waje, kowacce da ɗan farin gari a gindi. Shugaban wurin, Dakta Adekunle, haifaffen Funtua, ya ɗaga ɗaya.

"Bature, ka ga wannan? Rigar ƙwayar cutar sanƙarau ce. Ba ƙwayar ba, fatarta ta waje kawai. Wata ƙwaya marar illa aka koya wa ƙera ta. Jini za mu gwada da ita a kan tebur. Ba ta shiga jikin mutum, ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Bai ji ba. "Riga" kawai ya kama, "kafi" ɗin shi ya ƙarasa wa kansa.

Da bazara ta yi tsanani, firijin ya mutu kwana biyu. Dakta Adekunle ya ce kwalaben sun lalace, a kai su ramin ƙona shara. Bature ya kai su aljihunsa.

Ranar Juma'a ya tara yaran unguwarsu a gindin darbejiya. Ta farko a layi ita ce Shafa'atu, 'yar ƙanwarsa Hansai, mai shekara shida.

Hansai ta riƙe hannun yarinyar. "Yaya, ka tabbata kuwa?"

"Ke Hansai, wa ke aiki da likitoci, ni ko ke? Rigakafin sanƙarau ne. Ko 'ya'yan gwamna ba su samu irinsa ba."

Ya dama garin da ruwa, ya yi wa yara tara allura. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka.

Bayan sati biyu masu rigakafin gaskiya suka iso garin. Allurarsu ba ta da yawa, don haka gida-gida suke tambaya. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinsu, Sista Uzoma, ta yi sallama a gidan Hansai.

"Uwargida, an yi wa yaran nan allurar sanƙarau?"

"An yi musu, Sista. Bature ne ya yi musu da hannunsa."

A shekarun nan akwai wani likita farar fata da ke zagaya ƙauyukan yankin. Sista Uzoma ta ɗauka shi ake nufi.

Bature yana zaune a zaure, yana jin komai. Ya tuna maganar Dakta Adekunle, ta dawo masa tas. Kalma ɗaya ta isa: ya leƙo ya ce, "Ni ne Baturen." Ya dubi farar rigarsa, ya dubi dattawan da ke kiransa Dakta. Ya ci gaba da zamansa.

"To madalla," in ji Sista. Ta rufe akwatinta ta wuce gaba.

Ba a yi wata ba ciwon ya shigo. Cikin yaran tara, huɗu suka kwanta. Shafa'atu ta tashi da zazzaɓi, kafin azahar wuyanta ya sandare. Aka ɗora ta a motar auduga. Ba su kai Malumfashi ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Hansai ta fito zaure ta same shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, da Sista ta tambaye ni, na ce Bature ya yi mata. Ban yi ƙarya ba, ko?"



Ya rayu shekara talatin bayan haka. Duk wanda ya kira shi Bature, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Abdussamad."

Darasi: Abin da aka ce na bincike ne, ba magani ba ne, kuma farar riga ba ta mai da mutum likita. In ka san ka yi kuskure, faɗi tun ana iya gyarawa, kunyar yini ɗaya ta fi nadamar shekara talatin sauƙi. Ku tura wa wasu. Na san halinku, ku karanta ku wuce ku bar ni da wahalar rubutu.